Gefen da Ba Ya Ji

Ranar da aka sallamo Direba daga asibiti, 'yarsu ta fari, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta, ta jera kwalaben magani a kan teburin ɗinkin uwarta. Ta ɗauki wata 'yar ƙarama ta riƙe a gaban idon uwar, wadda ake kira Tela.

"Inna, wannan shi ne mai tsinka jini. Shi zai hana ciwon dawowa, amma muddin Baba yana shan sa, ko ƙaya ce ta soke shi jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ban da reza, ban da wuƙa, ko farce kar ki yanke masa sai na zo. In na zo na tarar da jini a jikinsa, ɗauke shi zan yi ya koma gidana. Na faɗa miki tun yanzu, kar ki ce daga baya na yi miki rashin kunya."

Gidan Nas tafiyar awa biyar ne a mota, kuma a hawa na uku yake. Tela ta san in aka hau da mijinta benen nan, ya hau ke nan. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, rabinsu yana kan hanya da babbar mota, ita tana gida tana taka keken ɗinki. Sai yanzu da ya zauna wuri ɗaya a ce za a ɗauke shi. Ta ce to, ta mayar da kwalbar layi.

Ciwon ya shanye masa ɓarin hagu, tun daga goshi har ƙafa. Maganarsa ta koma kamar ta mai tauna abu mai zafi, Tela kaɗai ke gane ta duka. Shi kuwa Direba mutum ne da bai taɓa barin gashi ya kwana uku a fuskarsa ba. Ko daga ina ya dawo, kafin ya shigo gida sai ya biya shagon Baba Kumfa an gyara masa fuska da aska. Yanzu ga gemu ya fito fari, mai tsauri kamar tsintsiya. In ya sha shayi, sai ya zubo ta gefen bakin da ya saki, ya shiga cikin gashin ya bushe. Nas ta taɓa gwada masa kilifa, injin aski, bayan kwana biyu wuyansa ya cika da ƙuraje masu ruwa, sai da aka yi mako ana shafa magani.

Wata safiya Tela ta turo shi a keken guragu ta gaban dogon madubin da masu kawo ɗinki ke duba kansu. Ya ɗaga hannun dama alamar ta tsaya. Ya daɗe yana kallo. Daga ranar ya hana a shigo masa da baƙi, ko abokan aikinsa na da sai dai su gaisa da Tela a bakin ƙofa su juya. Sai kuma ya fara ture kwano. A kwana na huɗu, rabin kofin shayi kaɗai ya shiga cikinsa.

"Me kake so in dafa maka, maigida?"

"Aska," ya ce. "Kira Kumfa."

Shagon Baba Kumfa wani ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da kwan fitila. Kujera ɗaya ce a ciki, fatarta duk ta tsattsage. Madubin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ga wata doguwar fatar wasa aska rataye a ƙusa. Tela ta tarar da tsohon a zaune a kan kujerar masu aski, sabulai da mataje a jere a gabansa yana sayarwa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai ya miƙo mata hannunsa na dama. Hannun yana ta rawa shi kaɗai.

"Wata bakwai ke nan. In wannan ya hau wuyan mijinki, sai dai ki fara shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarma. Yaran yanzu kuma ba mai iya riƙe aska, inji kawai suka sani."

Tela ta kalli fatar da ke rataye, ta kalli hannun.

"To ka koya mini."

"Ke?"

"Shekara talatin ina yanka, Baba. Ban taɓa ɓata wa kowa yadi ba."

"Yadi ba ya haɗiyar yawu, 'yar nan. Ba ya tari kuma." Ya ƙare mata kallo. "Kawo hannun in gani."

Ya jujjuya yatsunta, ya taɓa kantar da almakashi ya yi mata, ya ce ta dawo gobe da hantsi.

Akwai abin da ba ta gaya masa ba. Ba ta ambaci 'yar ƙaramar kwalbar nan ba, don ta san in ya ji zai ce a'a. Shi kuma bai ga Direba ba tun da ya kwanta, abin da ya sani kawai ƙafa da hannu sun ƙi aiki.

Haka ta riƙa zuwa kullum, awa ɗaya, lokacin da magani ya sa mijin barci, maƙwabciya tana sa masa kunne. Ranar farko ko aski ba a yi ba, wasa aska kawai. Ya nuna mata a kwantar da ita a kan fata, bayanta ya yi gaba, kaifin ya biyo baya, in an kai ƙarshe a juya ta ta baya. A ja na shida Tela ta juya ta ta baki, ta zabtare wa fatar wani yanki kamar farce.

"Fatar nan ta girmi 'yarki," in ji Baba Kumfa. "Ba ta taɓa ganin wulaƙanci irin na yau ba. Ci gaba."

Ta koyi jiƙa tawul da ruwan zafi a lulluɓe fuska har gashi ya yi laushi. Ta koyi kaɗa sabulu da burushi har kumfar ta tsaya da kanta ba ta zuba. Ta koyi riƙo, yatsa uku a sama, babban yatsa a ƙasa, askar a kusan kwance a kan fata. Jan fata da hannun hagu kuwa bai ba ta wahala ba, ta ce ai kamar miƙar da yadi ne kafin a yanka, har tsohon ya yi mata murmushi.

A kan damtsensa ta fara aski. Nan ne ya kama ta. Askar ta ɗan tsaya a wani gashi mai tauri, sai wuyan hannunta ya zame gefe da kansa, yadda take yi da reza in za ta farke ɗinki. Kafin ta ankara ya buge mata bayan hannu da mataji.

"Wannan farke ɗinki ne. Aska gaba take tafiya, kamar mai shara. Ranar da ta tafi gefe, ta zama wuƙa. In ta tsaya, ki ɗaga ta, ki ƙara kumfa, ki sake."

"Ban ma san na yi ba."

"Shi ya sa na buge ki. Hannun ne ya sani."

Sau uku ya buge ta a makon nan. Tana dawowa gida ta tarar da kwanon da ta bari yadda ta bar shi. Wandon Direba ya fara yi masa yawa, ta rage ƙugun sau ɗaya, ta kuma ragewa. Da waya ta yi ƙara, in ta ga Nas ce, sai ta daure ta ɗauka. Ta ce mata yana ci, a hankali dai.

A kwana na tara Baba Kumfa ya jingina da kujera, ya ɗaga haɓa.

"Yau ni za ki aske. Amma ga abu na ƙarshe, shi ne duk sana'ar. Kumfa tana rufe fata, ba kya ganin abin da aska ke yi a ƙasa. Idon mutum za ki riƙa kallo. In tana jan gashi, idon zai ƙanƙance. In ta ci nama, zai ƙifta tun kafin jini ya san hanyar fita. Mutum zai iya danne zafi da baki, ya ce miki ba komai, ido ba ya iyawa. Shekara hamsin ina aski, idon mutane nake kallo."

Ta aske shi cikin rabin awa, gumi har bayanta. Sau ɗaya idonsa ya ƙifta, a ƙasan kunne, ta ɗaga askar nan take. Da ta share kumfar sai ga ɗan jan ɗigo kamar kan allura. Ya ɗauko wani farin dutse, alam, ya jiƙa ya goga, jinin ya tsaya.

"Kin gani? Ido ya gaya miki." Ya naɗe askar, da burushi, da alam, da tsohuwar fatar, cikin jarida. "Ki gaishe shi. Ki ce masa har yanzu ina jiran ya ba ni labarin gadar da ya ce ta karye bayan ya wuce, don kullum tsawonta ƙaruwa yake."

Washegari da safe ta tura keken Direba kusa da taga inda haske ke shigowa. Ta ɗora ruwa, ta maƙala fatar a ƙusar da take rataye tef ɗin awo. Da ya ji ƙarar aska tana tafiya a kan fata, shaf, shaf, sai ya juyo da kansa. Rabon da ya juyo don wani abu har ta manta.

"Ta Kumfa ce," ya ce.

"Ita ce. Hannun ne dai na tela, sai ka yi haƙuri."

"Kar ki... yi mini aljihu."

Ta yi dariya. Ta ɗaura masa babban tawul mai ruwan ƙasa a wuya, ta cusa bakinsa cikin wuyan riga. Ta fara rage tsawon gemun da almakashi, ta gasa fuskar da ruwan zafi, ta shafa kumfa har sai idanu da hanci kawai ake gani.

Ta fara da dama. Ta ja fata da yatsa biyu, ta kwantar da aska, ta sauko kaɗan. Gashin ya yi ƙara kamar ana kankare ƙanzon tukunya. Idonsa na dama yana kallon rufi, a natse. Wajen kusurwar muƙamuƙi ya ɗan ƙanƙance, ta ɗaga, ta ƙara kumfa, ta sake. Fata ta fito sumul, fara-fara saboda rashin ganin rana, fuskar da ta sani tana fitowa kaɗan-kaɗan daga cikin kumfa. Ba yanka ko ɗaya. Ta sauke numfashi, ta zagaya ɓangaren hagu.

Nan fatar daban take. Ta saki, ta taru a ƙasan muƙamuƙi kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. In ta ja ta nan, sai ta tattare a can. Kumatun dai ta gama shi lafiya. Da ta gangaro ƙasan muƙamuƙi, askar ta shiga wani ninki ta tsaya. Wuyan hannunta ya zame gefe. Kaɗan ne, bai kai faɗin farce ba, amma wannan karon ta ji shi da kanta.

Ta yi sauri ta kalli idonsa na hagu, wanda ke kusa da ita. Idon yana nan yadda yake, a buɗe rabi, ko motsi bai yi ba. Ta ce a ranta Allah ya tsare. Ta shafa sabuwar kumfa a wurin, ta koma gaba ta ci gaba da haɓa, sannan leɓen sama, tana ta ba shi labarin gadar da Baba Kumfa ya ce tsawonta ƙaruwa yake. Ya yi 'yar dariyarsa ta rabin baki.

Tana goge askar ne ta ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan ƙafarta. Ta ɗauka ruwan tawul ne. Sai ya sake ɗiga. Ta duba ƙasa.

Kumfar da ke ƙasan muƙamuƙinsa ta zama ja. Ta ɗaga tawul ɗin, ya yi nauyi a hannunta. Jinin ya bi ta ƙarƙashinsa, ya jiƙa wuyan rigar, ya gangara kafaɗa, ya bi hannun da ba ya motsi har yatsu, daga nan yake ɗiga. Shi kuwa Direba yana zaune yana jiran ta ci gaba.

"Me ya faru?"

"Ba ka ji komai ba?"

"Ina?"

Sai a lokacin ta gane. Ta tambayi idon da ke gefen da ba ya jin komai, shi kuma bai da abin da zai gaya mata.

Ta share wurin. Yankan bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, siriri kamar zare, amma tana sharewa yana sake cika. Ta jiƙa alam ta goga. Jinin ya wanke shi ya wuce. Ta danna da ƙyalle, ta ƙirga goma, ta ɗaga ta duba, yana nan yana fita. Ta canza ƙyalle. Ta sake dannawa, ta sake dubawa. Ƙyallayen ɗinki huɗu suka taru a ƙasa, jajaye. Agogon bango ya nuna ta yi fiye da rabin awa tana wannan abu, ban da lokacin da ta ɓata tana aske haɓa.

Wayarta tana kan teburin keke. Direba ya ga inda take kallo. Ya kama mata zani da hannun dama.

"Kar ki kira."

"Ba ya tsayawa, maigida."

"Za ta... tafi da ni."

"Na sani."

Leɓensa ya fara yin fari. Ta zare zanin daga hannunsa a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa hannu ta ɗauko wayar.

Nas ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Tela ke nan. Muryarta ta koma ta wurin aiki.

"A ina? Tsawonsa? Tsartuwa yake ko gangarowa? To. Ajiye alam ɗin nan. Samo ƙyalle mai tsabta ki ninka, ki danna da ƙarfi. Ki kalli agogo, minti ashirin. Kar ki ɗaga, Inna, ko sau ɗaya. Duk ɗagawar da kike yi kina mayar da aikin baya ne. In ya jiƙe ki ɗora wani a kai. In ya ce yana ganin jiri, ko minti ashirin ta cika bai tsaya ba, ki ƙwala wa maƙwabta kira a sa shi a mota zuwa asibiti. Gani nan tafe."

Tela ta tsaya a bayansa, ta jingina kansa da cikinta, ta danna. Minti ashirin ba komai ba ne in kana ɗinki. A tsaye da wuyan mijinka a hannunka, wani abu ne daban. Tana jin jijiyarsa tana bugawa a ƙarƙashin yatsunta. A waje mai gyaran tukwane ya wuce yana kiran sana'arsa, wata mota ta yi ta ƙoƙarin tashi ta kasa. Ja ya ɓullo ta ƙyallen a minti na bakwai, ta ɗora wani. Hannunta ya fara sagewa.

"Kana ganin jiri?"

"A'a." Can ya ɗaga hannun dama ya shafa kumatunsa, sama da ƙasa. "Ya yi kyau."

"Rufe mini baki."

Da lokacin ya cika ta ƙara minti biyar don tsoro. Ta ɗaga a hankali. Wurin ya yi baƙi-baƙi, ya daskare. Ta tsaya tana kallo, ba abin da ya fito. Sai ta zauna a ƙasa cikin ƙyallayen.

Nas ta iso da yamma, da kayan aiki a jikinta. Ta tarar an wanke ɗakin, an canza wa uban riga, yana zaune da kofi a hannu, a gabansa ga farantin da ya cinye burodin ciki saura ɓawo. A bakin ƙofa kuma ga jakarsa a ɗaure, magungunansa a leda a kai. Tela ce ta haɗa da hannunta.

Nas ta kalli jakar. Ta wanke hannu, ta duba yankan, ta duba cikin idonsa, ta auna jininsa, ta manna filasta. Sannan ta ja baya ta kalli fuskar. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, ka rame. Inna ta ce mini kana ci."

"Yau na ci."

"Kwana nawa bai ci ba, Inna?"

Tela ta faɗa mata gaskiya, duka, har zuwa shagon da maganar ido. Nas ta saurara tana tsaye, hannu a ƙugu.

"Wanda ya koya miki bai taɓa aske mai irin ciwon nan ba. Ke kuma kin ɓoye masa, kin ɓoye mini." Ta juya wajen teburin ɗinki. "Ba ni fil guda. Da allin da kike zana yadi."

Ta durƙusa gaban uban, ta ce ya rufe ido. Ta riƙa taɓa fuskarsa da kan fil ɗin, gefen da ba shi da tsini, tana tambaya.

"Nan fa?"

"Na ji."

"Nan?"

Shiru.

Duk inda jin ya ƙare sai ta ɗiga alli. Ɗigon ya sauko daga goshi, ya bi gefen hanci, ya raba leɓe, ya raba haɓa. A wuya bai tsaya inda Tela ta zata ba, ya ci gaba har ƙasan maƙogwaro. Nas ta haɗa ɗigon ya zama layi ɗaya, shuɗi.

"Daga nan zuwa dama, naki ne, tunda kin iya. Daga nan zuwa hagu, aska ba za ta sake taɓawa ba sai ina tsaye da auduga a hannuna. Duk mako biyu zan zo. A tsakani ki rage masa da almakashi. In ya ga dama ya zauna da rabin gemu."

"Jakar fa?" in ji Tela.

"Ki kwance. Wata ɗaya na ba ku, in ga nauyinsa." Ta kamo yatsan uwar, ta ɗora shi a gefen filastar, inda fata ke ɗagawa tana sauka. "Kin ji wannan? Babbar jijiya ce. Ki auna da kanki, ke da kika san awo."

Tela ta auna. Tsakanin yankan da wurin da ke bugawa bai cika faɗin yatsanta biyu ba. Ba ta janye hannun ba har Nas ta tashi ta fita ɗauko kayanta daga mota.